Fritz Ramseyer Da Matarsa Rosa: Baƙin Da Suka Shiga Kumasi A Matsayin Fursunoni

Duk wanda ya san birnin Kumasi ya san unguwar Adum, kuma da wuya a ce bai taɓa wucewa ta gaban tsohon cocin nan da ake kira Ramseyer ba. Wannan suna na wani Bature ne ɗan mishan da ya rasu tun shekarar 1914. A wannan makon za mu kawo tarihinsa tare da na matarsa Rosa, domin duk wahalar da ya sha a ƙasar nan tare suka sha ta. Labarinsu labarin baƙunci ne, wanda mu mutanen zango muka fi kowa sanin daɗinsa da ɗacinsa.

Asalinsa da zuwansa Gwalkwas

An haifi Friedrich Ramseyer, wanda aka fi sani da Fritz, a shekarar 1840 a garin Neuchatel da ke ƙasar Suwizalan, a ɓangaren da ake magana da Faransanci. Sana'ar da ya tashi da ita ita ce gini. Bayan ya zama saurayi sai ya shiga makarantar horar da 'yan mishan da ke birnin Basel, kuma a shekarar 1864 aka turo shi ƙasar nan, wadda a lokacin Turawa ke kira Gwalkwas.

Ya kamata mai karatu ya san cewa a wancan zamani zuwan Bature bakin tekun nan tamkar sayar da rai ne. Mishan ɗin Basel ya fara turo mutanensa a shekarar 1828, kuma mutum huɗun farko da suka sauka a Osu duk zazzaɓi ya kashe su cikin shekara uku. Wannan ne ya sa Andreas Riis ya mayar da aikin kan tudun Akropong a shekarar 1835, inda iska ta fi sanyi. Saboda haka Ramseyer ya san abin da ke gabansa tun kafin ya hau jirgin ruwa. Ya fara aiki a Osu da Akropong, yana lura da gine-gine da harkokin makaranta, yana kuma koyon harshen mutanen ƙasa.

Dokar mishan ɗin Basel a lokacin ita ce, saurayi ya zo shi kaɗai, sai ya yi wajen shekara biyu sannan ya nemi izinin aure daga shugabanninsa na can gida. Ta haka ne Rosa Bontemps, wadda aka haifa a 1841, ita ma 'yar Suwizalan, ta baro iyayenta da danginta ta biyo jirgi, aka ɗaura musu aure a Osu a shekarar 1866. A ƙarshen 1868 aka tura su Anum, wani gari da ke kan dutse a gabashin kogin Firaw, wanda Turawa ke kira Volta. A can suka tarar da aikin wa'azi da makaranta da kuma cinikin auduga da mishan ke yi. Suna da jariri namiji wanda suka sa wa sunan mahaifinsa.

Kamun da aka yi musu a Anum

Ba su yi wata bakwai cikakku a Anum ba sai yaƙi ya iske su. Sarkin Tonawa na lokacin, wato Asantehene Kofi Karikari, ya tura runduna ƙarƙashin sarkin yaƙinsa Adu Bofo domin ta ci ƙasashen gabashin kogin. Mutanen gari suka watse, su kuwa Ramseyer suka zauna, a bisa zaton cewa tun da ba su da hannu a faɗan, babu wanda zai taɓa su. A ranar 12 ga watan Yuni na 1869 mayaƙan Tonawa suka shigo suka kama shi da Rosa da jaririnsu ɗan wata tara, tare da Johannes Kuhne, wani Bajamushe mai kula da cinikin mishan. Aka washe gidan.

Daga nan aka tasa su gaba a ƙasa, cikin damina, ta duwatsu da fadamu da dazuzzuka. Wani lokacin da dare har mari ake sa musu don kada su gudu. Suka haye kogin Firaw, suka ratsa filayen Afram, suka hau dutsen Kwahu. A garin Abetifi mutane suka tausaya musu suka ba su abinci, kuma wannan alheri Ramseyer bai manta da shi ba, kamar yadda za mu gani nan gaba. Amma jaririn bai iya jure tafiyar ba. Babu madara, babu abincin da ya dace da shi, ya yi ta ramewa a hannun uwarsa har ya rasu a watan Agusta na wannan shekara, kafin su kai Kumasi. A wani ƙauye na kan hanya suka binne shi. Iyayenmu mata da suka taɓa rasa ɗa a ƙasar da ba su da dangi sun fi kowa sanin halin da Rosa ta shiga a ranar.

A hanya ne kuma aka haɗa su da wani ɗan kasuwa Bafaranshe mai suna Bonnat, wanda aka kamo a Ho. Aka ajiye su a ƙauyuka kusa da birni na wata da watanni. Sai a 1870 suka ga sarki ido da ido, kuma a ƙarshen wannan shekara aka ba su izinin shiga Kumasi su zauna a tsohon gidan mishan na Methodist.

Zaman Kumasi

Zaman da suka yi a Kumasi wani irin zama ne mai wuyar fassara. Fursunoni ne, domin ba su da ikon fita ƙasar, amma ba a kulle su a kurkuku ba. Sarki Kofi Karikari ya ɗauke su a matsayin baƙinsa, yana aika musu da abinci da garin zinariya na cefane, su kuma dole su halarci bikin Adae su yi gaisuwa kamar sauran talakawansa. Wani ɗan sarautar Tonawa mai suna John Owusu Ansah, wanda ya yi karatu a Ingila, ya taimaka musu ƙwarai wajen tafinta da sanin yadda ake shiga fada da yadda ake fita.

A nan ne Ramseyer ya koyi abin da makarantar Basel ba ta koya masa ba. Ya goge da harshen Twi har yana tsayawa a kan titi yana wa'azi da shi. Ya san wa ake fara gaisarwa a fada, da wane hannu ake miƙa abu, da abin da ba a faɗa a gaban sarki. Ya tara 'yan yara ya buɗe musu ƙaramar makaranta. Suka yi gona. Rosa ta koyi girki da abin da ke kasuwar Kumasi, doya da ayaba da manja. A 1871 ta haifi 'ya mace a birnin, a 1873 kuma ta sake haihuwa. Da sarki ya gane cewa baƙon nasa magini ne, sai ya sa shi da abokan zamansa su gina masa gida irin na Turawa. Hausawa na cewa sana'a sa'a, kuma hannun Ramseyer ya ƙara masa daraja a idon fada fiye da bakinsa.

Haka kuma ya ga abubuwan da suka tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa. Ya ga bayin da ake korowa daga fagen yaƙi cikin yunwa, ya ga mutanen da ake kashewa idan wani babba ya mutu. Ya kuma tarar da Musulmi a birnin, malamai da fatake, waɗanda suka riga shi zama da shekaru masu yawa, suna da mutunci a fada, ana neman addu'arsu da rubutunsu. Duk waɗannan ya rubuta su a littafin da yake ajiye labarin kowace rana.

Batun sakinsu ya ɗauki shekaru ana ja. Adu Bofo ya ce shi ya kamo su, don haka sai an biya fansa, ya yanka fam 6,480. Turawan Ingila da ke bakin teku suka tsaya a kan fam 1,000. A ƙarshen 1872 har an kai su Fomena a kan hanyar bakin teku, suna ganin sun kuɓuta, sai aka juyo da su Kumasi. Dalili kuwa shi ne rigimar ta fi ƙarfin maganar fansa. A wannan shekarar ce Turawan Holan suka miƙa wa Ingila garin Elmina, wanda Tonawa ke ɗauka nasu ne, kuma a farkon 1873 rundunar Tonawa ta haye kogin Pra ta nufi bakin teku.

Ingila ta turo Janar Garnet Wolseley. A gefen gabas kuma Kyaftin Glover ya taso da rundunar da akwai sojojin Hausa a cikinta. Da sarki ya ga sojoji sun matso, sai ya saki Kuhne, wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, sannan a watan Janairu na 1874 ya saki Ramseyer da Rosa da 'ya'yansu biyu da Bonnat, yana fatan hakan zai tsayar da yaƙin. Bai tsayar ba. Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya sa wa birnin wuta ya juya. Shekara huɗu da rabi ke nan iyalin suka yi a hannun Tonawa.

Komawa gida da sake dawowa

Da suka koma Turai, aka buga labarin zamansu da shi da Kuhne a littafi a shekarar 1875, da Jamusanci da Ingilishi, kuma har yau masu binciken tarihin Tonawa suna amfani da shi. A wannan shekara aka naɗa Ramseyer cikakken fasto. Duk wanda ya ji abin da ya same su zai ɗauka sun yi ban kwana da ƙasar nan ke nan. Amma shi da Rosa suka nemi a mayar da su, kuma burinsu Kumasi.

Tun da ƙofar Kumasi a rufe take, sai suka zaɓi Abetifi, garin nan da aka ba su abinci suna ɗaure. A farkon 1876 Ramseyer ya isa can ya kafa tashar mishan. Garin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 600, ga sanyi, ga dutsen gini. Ya gina gida da makaranta da ɗakin ibada, ya koya wa samari gini da kafinta. Shekara ashirin iyalin suka yi Abetifi ne gidansu.

Waɗannan shekaru ba su zo wa Rosa da sauƙi ba. Bayan ɗan da suka binne a hanya, sun sake rasa wasu 'ya'yan tun suna ƙanana. Waɗanda suka rayu kuma, bisa al'adar mishan ɗin Basel, Turai ake mayar da yara idan sun isa shiga makaranta, iyaye su yi shekaru ba su gan su ba sai dai wasiƙa. Ga shi kuma ciwo ya taɓa mata jiki har tafiya ta zama mata wahala. Duk da haka ta ci gaba da riƙon gida da tarbiyyar 'yan mata da koya musu ɗinki da aikin hannu. Sunan mijin ne ke jikin gine-gine a yau, amma rabin nauyin a kanta yake.

Ramseyer kuma ya ɗauki sana'ar hoto, ya ɗauki hotunan garuruwa da sarakuna da kasuwanni da talakawa. A 1895 ya buga littafi mai hotuna 80 na ƙasar Gwalkwas, waɗanda suna cikin tsofaffin hotunan cikin ƙasar da ake da su.

Inda ake saɓani a kansa

A nan ne tarihin mutumin ya zo da abin da ya raba kan masana. A 1882 ya je Kumasi tare da Fasto David Asante suka roƙi sarki Mensa Bonsu ya ba su izinin buɗe mishan, aka hana su. Daga nan ra'ayinsa ya ƙara ƙarfi cewa ƙofar ba za ta buɗu ba sai an karya ikon sarautar Tonawa. Ya riƙa rubuta wa hukumar Ingila yana ba ta shawarar ta shigo, kuma yana da hannu a shigar ƙasar Kwahu ƙarƙashin tutar Ingila a 1888. Harshen da ya koya a Kumasi, da hanyoyin da ya sani, da sirrin fada da ya gani lokacin yana cin abincin sarki, duk sun zama abin amfani ga masu shirin cin ƙasar.

Masu kare shi suna cewa abin da ya gani da idonsa na bauta da kisan mutane a wurin makoki ne ya sa shi haka, kuma ya yi imani cewa ceton rayuka yake yi. Masu sukarsa kuwa suna cewa baƙon da aka bari da ransa, aka ciyar da shi, aka bar shi ya yi wa'azin addininsa a tsakiyar birni, bai kamata ya zama ɗan jagoran masu bindiga ba. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yar ba.

A watan Janairu na 1896 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka kama sarki Prempeh na ɗaya, wanda daga baya aka kai shi tsibirin Seychelles, bai dawo ba sai 1924. Wata guda bayan kamun, Ramseyer ya shiga birnin, shekara 22 bayan fitarsa, daga baya Rosa ta biyo shi. Suka buɗe makaranta, kuma da yawa daga cikin yaran farko bayi ne da aka 'yanta, waɗanda ba su da kowa, Rosa ta riƙe su. Tonawa da yawa kuwa suka ƙi kawo 'ya'yansu, domin a idonsu mishan da bariki tafiyarsu ɗaya.

Yaƙin Yaa Asantewaa

A ƙarshen watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta Tonawa. Wannan magana ta tayar da ƙasa, Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta ja gaba. A watan Afrilu Ramseyer da Rosa da sauran 'yan mishan suka gudu cikin barikin Turawa mai ganuwa, aka kewaye su. Yawancin sojojin da ke tsaron barikin su ne waɗanda ake kira sojojin Hausa, kodayake akwai kabilun arewa iri-iri a cikinsu, Hausa ce dai ta haɗa su. Abinci ya ƙare, yunwa da cuta suka yi ta kashe mutanen da suka fake a gindin ganuwar.

A ranar 23 ga Yuni, da asuba, gwamna da mafi yawan sojojin suka fasa suka fita ta hanyar da ba a zata ba. Ramseyer yana da shekara kusan 60, Rosa kuma a amuku aka ɗauke ta saboda ba ta iya tafiya. Suka yi makonni cikin ruwan sama da laka kafin su kai bakin teku, ɗaya daga cikin 'yan mishan ya mutu a hanya. Wannan ne karo na biyu da matar ta ratsa dajin Tonawa tsakanin rai da mutuwa, da tazarar shekara 31. Sojojin da aka bari a barikin kuwa sai ranar 15 ga Yuli Kanar Willcocks ya iso ya cece su. Gidan mishan da makarantar duk an lalata su.

A ƙarshen 1901 Ramseyer ya sake komawa Kumasi ya fara gini daga tushe. A 1904 suka tafi Suwizalan, a can Rosa ta rasu a 1906, bayan shekara 40 da aure. Shi kuwa ya sake dawowa, aka kammala cocin Adum a 1907, sannan a 1908 ya koma gida gaba ɗaya, shekara 44 bayan saukarsa ta farko. Ya rasu a Neuchatel a watan Agusta na 1914. Ban da cocin Adum, akwai cibiyar horarwa ta cocin Presbyterian a Abetifi da ke ɗauke da sunansa.

Abin lura gare mu

A daidai shekarun da Ramseyer ke gina Adum ne zangon Kumasi ke cika, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken goro, ga kuma tsofaffin sojoji da suka ajiye kaki suka yi aure suka zauna. Kakanninmu da wannan Bature addininsu daban, abin da ya kawo su ma daban, amma jarrabawar da ƙasar ta yi musu iri ɗaya ce. Sai da kowa ya koyi harshen masu gari, ya fito da sana'ar da ake bukata, ya binne nasa a ƙasar, kafin a daina yi masa kallon raɓa.

'Yan uwana matasa, akwai abin koyi a nacin wannan iyali. Sau biyu aka rushe abin da suka gina, sau biyu suka dawo suka ɗora tubali, kuma makaranta suke fara ginawa kafin komai. Akwai kuma abin tsoro a tarihin nasu. Mai gida yana iya manta abin da baƙo ya gina masa, amma ba ya manta ɓangaren da baƙon ya tsaya ranar da gari ya rikice. Mu da aka haifa a nan, iyayenmu ma a nan aka haife su, duk lokacin da rigimar sarauta ko ta siyasa ta taso a garuruwan da muke zaune, aka zo neman samarin zango su shiga gaba, ya kamata mu tuna cewa fiye da shekara 100 bayan rasuwar Ramseyer, ana yaba masa makarantu, ana kuma tambayar abin da ya yi da amanar waɗanda suka ba shi masauki.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya albarkaci iyayenmu da suka share mana wurin zama. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.